Sunan da Aka Buga a Bayan Ambulan

Nguru,
Lahadi, 11 ga Agusta, 1985.

Zuwa ga Meram, sanyin idona, hasken da ya rage mini a duniya,

Ya ke furen bado mai buɗewa da hantsi a tafkin da kowa ya ɗauka ya ƙafe! Ya ke inuwar tsamiya a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya sha tafiyar ƙafa, shamuwar da ta sauka a kan tsohuwar kukar da ta shekara tara ba ta ga tsuntsu ba! Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Ina gaida yayanki Malam Modu da iyalinsa, da 'yan matan makarantarki. Ni dai ina nan yadda kika san ni. Gwiwa tana ƙara, ido yana hazo, kunnen hagu kuwa ya yi ritaya kamar mai shi. Amma ba ciwo ne ya sa na ɗauki alƙalami yau ba. Ruɗewa ce, Meram, irin wadda ban taɓa shiga ba a shekaruna saba'in da ɗaya.

Wasiƙar jami'a ta zo. Tun ranar Alhamis take hannuna, ban buɗe ba, ban kuma aiko miki ba sai yau. Ki yi haƙuri ki karanta tawa kafin ki yage tasu, don ban san ko bayan kin ga abin da ke ciki za ki sake samun idon kallon rubutun tsoho ba.

Wata bakwai ke nan ina jiran ta a madadinki. Duk ranar da jirgin ƙasa na Kano ya shigo da buhun wasiƙu, sai in ɗauki sandata in lallaɓa gidan waya, makullin akwati mai lamba goma sha bakwai yana rataye a wuyana kamar laya. In huta a gindin darbejiyar tasha, in huta a rumfar masu ƙaro, in huta a bakin masallaci, tafiyar da a da nake yi kafin shayi ya huce. In buɗe akwatin, in zura hannu har ƙurya, in shafa ko'ina kamar masunci mai laluben tarwaɗa a rami, in fito da hannu wayam. Sai in dawo in rubuta layi biyu in ba Abbagana direba ya kai miki Gashuwa: ba ta zo ba tukuna. Ke kuma ki aiko mini cewa kin sake karanta littattafanki daga farko, kin fara saƙa kin warware, abinci ya daina yi miki ɗanɗano, duk motar da ta tsaya a ƙofar makaranta sai gabanki ya faɗi.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk ranar da na tarar da akwatin nan wayam, nakan ji zafi saboda ke, amma a hanyar komawa sai in ji ƙafata ta yi sauƙi. Wane irin masoyi ne wannan? Kin ce in riƙa yi miki addu'a su ɗauke ki karatun digiri na biyu. Ina ɗaga hannu bayan kowace salla, wallahi ina ɗagawa, sai harshe ya sarƙe. In ce Allah ka ba ta, sai zuciya ta ce shekara biyu fa, a garin da sai an kwana biyu a jirgi, kai kuma ga abin da likita ya ce game da bugun ƙirjinka. In ce Allah ka bar mini ita, sai kunya ta rufe ni, in tuna yadda kika koma aji bayan rasuwar mijinki, kina da furfura a cikin yara, har kika ci digiri na farko. Ƙarshe sai in ce ya Allah ka fi ni sanin abin da nake roƙo, in shafa.

Kin tuna ranar da muka cika takardar neman shiga? Watan Janairu ne, a tsakar gidan Malam Modu, ke a tabarmarki ni a tawa, shi yana gefe yana fama da rediyonsa. Ruwan kogi ya fara janyewa, garken kirinjijiya suna wucewa ta samanmu suna fito, sun nufi fadamar Katuzu. Kina karanto tambayoyin, ina gyara miki Turanci da nawa Turancin na zamanin makarantar Midil, kina dariya kina cewa yanzu ba mai rubuta haka sai ni da Sarauniya. Kika roƙi aron lambar akwatina, don wasiƙa ta fi saurin zuwa Nguru ta jirgi. Ni kuma na ga hanya, na sake kawo maganar aurenmu, karo na uku. Kika sunkuyar da kai kika ce in jira amsar jami'a ta zo, a ranar zan ji tawa. Kai, wannan rana! Hasken la'asar ya sauka a gefen fuskarki kamar yadda yake sauka a kan gero mai fitar da kai, na ce a raina ko yanzu aka ɗauki raina na ga rabona. Sai aka kira salla, muka fita masallaci ni da Modu. Kafin mu dawo kin cike shafin farko, inda ake rubuta suna, kin liƙe ambulan da ruwan ƙaro. Da na tambaya ko in duba miki, kika ja mayafi kika rufe baki, idanunki suna dariya. Ban ga abin da kika rubuta a layin nan ba, Meram. Ban gani ba! Wata bakwai ban ko tuna da shi ba, ga shi yau kwana huɗu ba ni da tunanin da ya wuce shi.

Ranar Alhamis, da na shiga gidan waya, Lawal mai ba da wasiƙu ya ɗaga mini hannu ya ce akwai ta rajista, sai na sa hannu a littafi. Ya miƙo mini, na ga hatimin jami'a, na sa tabarau. Kin san mu 'yan makarantar da, ba a koya mana karatu da ido kaɗai ba. Yatsa a kan layi, murya a sama, har na ƙarshen aji ya ji. Da bulala aka dasa mana haka, da shi na yi aikin sufeton makarantu shekara talatin, da shi na tsufa, ga kurumta ta ƙara mini amo. Na ɗora yatsa na karanta da ƙarfi, a gaban mutum fiye da goma, har da dillalan kifi da ladanin unguwarmu. Ba Malama Meram Dunoma aka buga ba, sunan da ke kan duk takardunki. An buga da tafireta, baƙi ƙirin, Misis Meram Zarami.

Misis! Da sunana! Na zaci idona ne, na sake karantawa da ƙarfi. Na goge tabarau da bakin riga, na karanta na uku. Sai Lawal ya washe baki ya yi mini barka, ya nuna mini inda maigida yake sa hannu. Ni da na shekara talatin ina zagaye kuskure da jan alƙalami, na sunkuya na sa hannu, ban ce uffan ba. Me ya hana ni magana? Har yanzu ban sani ba. Ko daɗi ne ya ɗaure mini baki, ko tsoro, ko duka biyun.

Tun daga lokacin kaina ya rabu biyu kamar kogi a bakin tsibiri. Wani ɓangare ya ce, tsoho, kada ka yaudari kanka, ai ka san aikin akawu. Ya ga an rubuta ta hannun Malam Zarami, ya ga sunan mace, yana sauri zai tashi, sai ya haɗa ku aure da tafireta. Kuma mace mai tsantseni irin Meram, wadda ba ta barin ɗigo a inda ba wurinsa ba, za ta sa sunan da bai dace da takardun shaidarta ba? Sai ɗaya ɓangaren ya ce, to dariyar nan fa? Me ta ɓoye a bayan mayafi? Me ya sa ta yi sauri ta liƙe kafin a sallame salla? Ashe ba ita ce ta ce ranar da amsar jami'a ta zo zan ji tawa ba? Ko nan ta ajiye mini ita tun Janairu, a bayan ambulan, inda ta san yatsana zai fara sauka? In na gaskata wannan sai in ji jini yana gudu a jikina kamar ruwan farko a busasshen kwari. Kafin in kai ƙofar ɗaki sai na farkon ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Meram, tauraruwar asubahina, wanne ne? Ke ce, ko akawu ne?

Kuma maganar ba ta tsaya a kaina ba, wannan ne ya fi damuna. Kafin sallar Juma'a maganar ta zaga Nguru. Liman ya tare ni a ƙofar masallaci yana ƙorafin an ɗaura aure ba a gayyace shi ba. Maƙwabciyata ta aiko da kwanon tuwo da miyar kifi wai na angwanci. Masu ƙaro da nake hutawa a rumfarsu sun tashi sun ba ni kujera suna kirana ango. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, sai murmushin wauta nake yi kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Na san motocin kifi za su kai labarin Gashuwa, watakila ma sun riga wannan takarda. Yaya Malam Modu zai ji a ce an aurar da ƙanwarsa bai sani ba? Me iyayen 'yan matanki za su ce? Mutuncinki da kika gina shekara da shekaru, fari tas kamar balbela, ni na ɗaga murya na jefa shi bakin kasuwa. Ki yafe mini.

Abin da ke cikin ambulan kuwa, Allah ne shaida ban buɗe ba. Amma na ɗaga shi saitin rana, kunya ta kama ni, kuma ban ga komai ba sai hazon idona. Na auna shi a tafin hannu, don malamai suna cewa mai kauri ta ɗauka ce, siririya ta ban haƙuri. Wannan ba ta yi kauri ba, ba ta yi siranta ba, kamar da gangan aka yi don a ƙarasa ni. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, zan faɗa don ba na son in mutu da shi. Ranar Asabar da hantsi na sa wasiƙar a cikin tsohon ƙamus ɗina na rufe, zuciya ta ce wa ya sani in ta kwana nan har ranar rajista ta wuce? Na zauna da wannan tunani kamar sa'a guda, ni Zarami, da furfurata. Daga nan na tashi na yi alwala, na yi istigfari, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ranar da aka binne uwargidana. Na gane wanda zai ɓoye miki hanya bai cancanci ko inuwarki ba, balle a buga sunansa kusa da naki.

Saboda haka ga ta nan, a liƙe yadda ta zo. Idan sun ɗauke ki, ki tafi, ya ke gaurakar fadama, ki tafi da fukafukanki duka biyu! Kada ki dubi gwiwata, kada ki ƙirga mini shekaru, wannan lissafin na Mai sama ne. Idan ba su ɗauke ki ba, zan yi baƙin ciki tare da ke, kuma na yi miki alkawari zan yi ƙoƙari ya zama na gaske. Ba roƙonki nake ki zauna ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki fitar da ni daga tsakiyar ruwan nan. In kuskuren akawu ne, Juma'a mai zuwa zan tashi a masallaci in faɗa wa kowa cewa ba a ɗaura komai ba, tsufa ne da ruɗu, in kuma rubuta wa jami'a su gyara, kada sunan da ba naki ba ya bi ki har kan takardar digiri. Zan yi, ko da muryata za ta karye. In kuwa hannunki ne, to ki gaya wa Malam Modu ya shimfiɗa tabarma, dattawa biyu za su zo masa da goro kafin ki hau jirgi. Sa'an nan in zauna in jira ki shekara biyun, jiran miji, wanda ya fi jiran da nake yi yanzu daɗi nesa ba kusa ba.

Na gama rubutu, na ninke, sai ga wata sabuwar wahala. Na ɗauko ambulan ɗin da zan sa wannan takarda, alƙalami ya tsaya a sama har tawada ta bushe a bakinsa. In rubuta Malama, kamar na ƙaryata abin da nake fata. In rubuta Misis, na yi miki shisshigi karo na biyu. Don haka na rubuta Meram kawai a tsakiya, na bar fili a gabansa, na bar fili a bayansa. Abbagana ya san gidan, ba zai ɓata ba. Ki cike filin nan biyu da hannunki, ki ba shi ya dawo mini da ambulan ɗin ko babu komai a ciki. Zan gane.

Ni naki ne da kowane suna kika cike, yau da gobe da abin da ya rage mini na kwana, har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan a kafaɗa.

Mai ƙaunarki, wanda bai san me yake a wurinki ba tukuna,
Zarami