Mayafin Baba

Cape Breton, ƙetaren teku, cikin hunturu

Yaya Seonag,

Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata muna lafiya, abinci bai ƙare ba tukuna, sanyin ma da sauƙi.

Na ji labarin da kika aiko, wai yarima ya zo farauta kwarinmu ya ɗaura kilt, tufafin mazanmu na gargajiya, mai zanen gidanmu, kore da jan layi, har mata na cewa ya yi masa kyau. To madalla! Mu da muka gaje shi, mai ƙasa ya ƙone mana rufi ya zuba tumaki a gonakinmu. Tufafin sun shiga fada, masu su an loda su a jirgin ruwa.

Kin ce in aiko tsohon mayafin Baba don masaƙin fada ya duba ainihin launin. Yaya, ba zai samu ba. Tarin 'yata Morag bai bar ta ba. A cikin mayafin muka naɗe ta muka binne. Uwarta ta ce, "Ninka shi biyu, Tormod, yarinyar nan ba ta son sanyi."

Ita ma ya yi mata kyau.

Kada ki faɗa wa Inna. Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Tormod