Jan Tambarin Da Sabuwar Manhaja Ba Ta Gani

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin, domin zuciyata na raya min abin da na san ba shi da kyau, kuma wallahi daɗinsa nake ji.

A wata jarida nake aiki, ba taku ba. Shekara goma sha ɗaya ni ke riƙe da manhajar da ake karanta mu a waya. Ta tsufa, na yarda, tana da nauyin buɗewa, amma na san ta ciki da bai. Bana mai jaridar ya ɗauko wani da muke kira Injiniya, aka ce a kwashe komai a mayar cikin wata sabuwar manhaja. Ban ƙi ba. Amma a taron farko ina ɗaga hannu zan yi bayani ya katse ni, wai aikina ɗakin tsohuwa ne, ko gwangwanin da ya huje ba a zubarwa. Kowa ya kwashe da dariya, har editan da ni na koya masa saka hoto. Sati na zagayowa aka mayar da teburina kusa da injin kwafi, inda duk mai wucewa sai ya bangaji kujerata.

To ga bayanin da ya hana ni yi. Idan muka buga labari, daga baya ya tabbata ƙarya ne, ba ma gogewa, lauyanmu ya hana saboda kotu. Jan tambari nake sa masa, sai ya ɓace daga idon masu karatu. Guda sittin da uku na binne haka. Sabuwar manhajar ba ta san jan tambari ba. Na buɗe wadda ake gwaji da ita a wayata, ga labaran nan reras, da sabon kwanan wata kamar yau aka rubuta su. Injiniya bai lura ba, shi launi da girman hoto ne suka dame shi.

Ranar Litinin za a ƙaddamar. An gayyaci manyan baƙi, Injiniya har ya ɗinka sabuwar riga. Ni kuwa na ja bakina na yi gum. So nake in zauna a layin gaba in ga lokacin da wayoyi za su fara ruri, lauyoyi na kira, idonsa ya raina fata. So nake ya zo har gindin injin kwafin nan ya roƙe ni, in ce masa ɗakin tsohuwa a rufe yake.

Abu ɗaya ne ke damuna. A cikin labaran akwai na wani mai kemis da muka ce maganinsa ya kashe jaririya, alhali ba shagonsa ba ne. Kwana uku yana zaune a bencin ofishinmu shi da matarsa kafin a sauke labarin. Ni na ba su ruwa. Amma ai na so in faɗa aka hana ni. In na yi shiru, laifina ne?

Taki,
Ta Kusa Da Injin Kwafi

’Yata,

An ci miki fuska, ba zan ce ki haɗiye ba. Wanda ya tarar da mutum a kan aikin shekara goma sha ɗaya, tambaya ya kamata ya fara yi, ba barkwanci ba. Editanki ma ya ba ni kunya. Sai dai a faɗi gaskiya, shi Injiniya rashin sani da rawar kai ne nasa. Ke kuwa kin sani, kin gani da idonki, har kin ƙirga.

Kin tambaya ko laifinki ne. E, naki ne. Sau ɗaya aka hana ki magana, tun daga ranar ke kike hana kanki.

Ki duba wanda zai sha wahalar. Injiniya zai ji kunya ta kwana biyu, ya ɗauki jakarsa ya sami wani aikin. Mai kemis fa? A cikin mutanen unguwarsa yake zaune, a can ’ya’yansa ke zuwa makaranta. Labarin da ya shiga wayar mutane ba tambarin da zai sake ɓoye shi.

Ga abin yi. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki rubuta wa mai jaridar takarda, ki ba edita da lauya da shi Injiniyan kwafi, injin ma yana kusa da ke. Ki jera labaran sittin da uku, ki haɗa hoton abin da kika gani a wayarki, ki sa hannu da kwanan wata. Kada ki sa zagi ko habaici ko ɗaya, takardar ta ishe shi. Ki nemi a ɗage bikin har a gyara, kuma a ba ki aikin duba tsofaffin labarai, a rubuce. Maganar tebur ki tayar da ita daban, bayan ƙura ta lafa.

In ramuwa kike so, ga ta nan: dole ya zo ya tambaye ki yadda ɗakin tsohuwa yake, a gaban waɗanda suka yi dariya. Ki koya masa da kyau.

Ke kika ba mutumin nan ruwa a kan benci. Kada ki zama wadda za ta mayar da shi kan bencin. Allah ya huci zuciyarki, ya ba ki sa’a ranar Litinin.

Gwaggonki