Damin Baba Shekwolo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Sanda ɗan Muhammadu, tsohon tafintan kotu, mazaunin Badarawa, nake rubuta wannan da hannuna cikin watan Zulƙida, shekara ta 1978. Ƙafafu sun ƙi, ƙirji ma ya fara, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce tsoho ya ruɗe. Zuwa gare ku, Ja'afaru, Yusha'u da Zuwaira.

Na ɗaya. Ba a bina bashi, ba na bin kowa. Gidan nan a raba shi yadda shari'a ta ce, sai dai ina roƙonku ku bar mahaifiyarku Kaltume a ɗakinta har ƙarshen kwananta.

Na biyu. Babban ƙamus ɗina na ba Yusha'u kyauta tun ina raye, a gaban liman, ba ya cikin gado. Ja'afaru, kada ka ɓata rai, ban taɓa ganin ka ɗauke shi ba sai in za ka tokare ƙofa.

Na uku, gonar Katabu, kuma dominta na ɗauki alƙalami. Gonar nan ba tamu ba ce. Aro ce daga Baba Shekwolo, dattijon nan na Gwari, ko Gbagyi yadda suke kiran kansu. Tun ba a haife ku ba ya ba ni ita, don na gaishe shi da yarensa a bakin kotu. Sharaɗinsa ɗaya ne. Duk kaka damin dawa na farko nasa ne, kuma ba a aikawa da shi. Mai aro ne zai kai da kansa, ya durƙusa ya yi gaisuwa da yarensu. Tsoho zai tambaya ko ana son gonar baɗi, sai a ce ana so idan ya bayar.

Kun tuna fitarmu ta kaka? Asabar da sassafe, cikin a-kori-kurar maƙwabcinmu Ila, mahaifiyarku rungume da kwanon fura. Ku kuna can kuna shan takanɗa da tonon gyaɗa, Zuwaira na kwaikwayon matan gidan da ɗaukar kaya a kafaɗa har ta fasa musu ƙwarya. Yusha'u kaɗai ke liƙe da ni a gaban tsoho yana kama kalma ɗaya ɗaya. Na ɗauka kwanakin nan ba za su ƙare ba. Wallahi ina kewarsu, kuma ina baƙin cikin yadda muka bari ofis da makaranta suka cinye su.

Bara ina kwance. Ja'afaru ya ɗora damin a mota ya aika da direba, tsoho ya mayar da shi. Bai hana mu noma bana ba, kuma wannan kawaicin ya fi faɗa ciwo. Damin na nan a zaure, ƙwari sun kusa gamawa da shi. Kullum na wuce sai na sunkuyar da kai.

Na huɗu. Ja'afaru, na san tun da sabuwar dokar mallakar filaye ta fito kake so a yi wa gonar takarda da sunanmu, a kan haka kuka daina cin abinci tare da ƙanenka. Na san tsoron talauci kake yi mana, Allah Ya yi maka albarka. Amma ban yarda ba, duniya da lahira. Ka janye, kai ne babba, ka fara miƙa wa Yusha'u hannu.

Na biyar. Yusha'u, ka tambaye ni wanne za ka ɗauka cikin ukun: tafintan kotu, fassarar littattafai a Zariya, ko gidan rediyo a Landan. Yau ga amsa. Kotu na san ta. Za ka tsaya tsakanin alƙali da mutumin da ake tuhuma, ba ka da ikon ƙari ko ragi, ka koma gida da kukan wani a bakinka. Aiki ne mai lada, amma yana tsufar da mutum. Fassarar littafi tana da sarari, in kalma ta ƙi sai ka kwana da ita, ka tambayi manya, sai dai ba mai sanin sunanka. Landan kuwa, ai na ga yadda idonka ke haske in an ambace ta. Ka je, ban hana ka ba. Ni na so tafiya a zamanina ban samu ba, ba zan so ka tsufa da irin wannan ba. Amma ba za ka hau jirgi ba sai an yanke dawa.

Na shida. In dawa ta nuna, ba na zaton za ta same ni. Ku tafi Katabu ku uku da 'ya'yanku, a mota ɗaya. Ku ɗauki sabon dami, ku haɗa da na bara duk da ƙwarinsa. Ja'afaru ne zai sauke su da hannunsa, ya durƙusa, ya yi magana. Yusha'u ya tsaya a gefensa ya yi tafinta tsakaninsa da tsoho, kada ya gyara wa kowa ko kalma ɗaya. Ku ce Sanda ya rasu, ya gode, ya dawo da gona. In ya tambaya ko kuna so baɗi, ku ce kuna so idan ya bayar. In bai tambaya ba, ku yi godiya ku taso, ba ku da abin cewa.

Kafin ka tafi, Yusha'u, ka koya wa yayanka da ƙanwarka gaisuwar nan har ta zauna a bakinsu. Ni ya kamata in yi, na yi ta cewa sai wata kakar.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku masu yi muku biyayya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada a ji kanku a kotu ko da kuwa tafintan ɗan'uwanku ne. Ku yafe mini, na yafe muku. Kuma don Allah, kada damin nan ya ƙara wata shekara a zaurena.

Mahaifinku,
Sanda Muhammadu