Binciken Guringuntsi da Sassa Uku Suka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko na jami'armu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Bakura, kuma ɗalibinka na digiri na biyu. Na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka, shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a.

Na ɗaya, aikin kansa. Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa sunkuye cikin ruwa yana dashen shinkafa a Bakolori. Yau guringuntsin gwiwarsa ya cinye, a kan kujera yake salla. Likita a Talata Mafara ya ce guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, in ya lalace ba ya gyara kansa. Masana na gwada amfani da na'ura su buga wani abu mai huji-huji kamar soso, su zuba ƙwayoyin halitta ciki su girma su zama sabon guringuntsi. Matsalar ita ce na gefe su ƙoshi, na tsakiya yunwa ta kashe su. Duk wanda ya taɓa riƙe gonar ƙarshen magudana a Bakolori, inda ruwa ke ƙarewa kafin ya iso, ya san wannan ciwo. Ni ban buga komai ba. Lissafi na yi, na yadda girman ramukan da tazararsu za su sa abinci ya kai tsakiya.

Na biyu, yawon da aka yi da ni. Na gama tun kafin azumin bara. Sashen Lissafi suka ga kalmar gwiwa, suka ce na likitoci ne. Likitoci suka buɗe suka ga alƙaluma, suka tura ni wurin injiniyoyi. Injiniyoyi suka tambaye ni ina na'urar. Kowa ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi jikin Baba, ya yi masa addu'a, sannan ya nuna mini ƙofar maƙwabcinsa. Malamin da ke duba aikina ya ce shi ma bakinsa ya gaji.

Na uku, abin da zan rasa. Hutun karatun da aka ba ni zai ƙare da ƙarshen wannan zango, wa'adin rajistata ma haka. In ban kare aikin a gaban masu jarrabawa ba kafin nan, sunana ya fita. Ka san yadda hanyoyinmu suke yanzu. Duk zuwan da na yi, sai mahaifiyata ta kasa cin abinci har na dawo. Wallahi na gaji, kuma ina jin kunyar ƙara ce mata an ɗaga.

Ban ce lissafina zai miƙe gwiwar kowa bana ba. Roƙona ɗaya ne: ka ɗauko mutum ɗaya daga kowane sashe, ka zaunar da su ɗaki ɗaya, ka sa mini rana. In aikin bai kai ba, su kayar da ni, zan karɓa hannu biyu. Amma a kayar da ni bayan an karanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Malam Lawali, Bakura