Na Ɗauki Fasinjojinku, Yaya

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, kuma ba mai karanta maka ita. Amma wata huɗu da 'yan kwanaki ke nan da muka binne ka a Ƙofa, ni kuwa akwai maganar da na riƙe shekara biyu ban faɗa maka ba.

Bari in fara da labarin gida. Inna tana nan, ƙafar ce dai take damunta, yanzu a zaune take sallah. Masarar da ka bari a gonar Ɗansoshiya an girbe ta, Kawu Sale ne ya tsaya a kai, kuma ta yi kyau fiye da ta bara. Matarka Hauwa ta fita takaba ranar Juma'ar da ta wuce. Ta ce ba za ta koma gidansu Tudun Wada ba sai yara sun gama zangon karatu. 'Yarka Ummi ta daina tambayar yaushe za ka dawo. Ban san ko wannan abin farin ciki ba ne.

Ka tuna ranar da na karɓi lasisina na tuƙi? Kai a lokacin ka riga ka zama kyaftin a babban kamfani, kana kai alhazai Jidda. Ni kuma ƙaramin kamfani ne ya ɗauke ni, mai jiragen farfela da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Yola. Ka dafa kafaɗata ka ce in yi haƙuri shekara uku, in tara awannin tashi, babban kamfani zai neme ni da kansa. Yaya, shekara bakwai na yi a kujerar dama ina mataimaki. Duk sanda aka buɗe ɗaukar matuƙa sai a ce awannina ba su kai ba, sai kuma a kawo wasu daga ƙasashen waje. Cikin waɗanda muka yi karatu tare, akwai wanda yanzu tasi yake ja a bakin filin jirgi. In na fito da kayan aiki na gan shi, sai in sauya hanya. Ban taɓa gaya maka yadda nake tsoron in zama shi ba.

Sai kuka shiga yajin aiki. Kai ne sakataren ƙungiyar matuƙa, kuma ka yi mini bayani tun kafin ku fara. Ana sa mutum ya tashi sau shida a yini, ya kwanta awa huɗu, da asuba a sake kiransa. Ka ce wani abokin aikinka ya yi gyangyaɗi ana shirin sauka a Legas da mutum sama da ɗari a bayansa. Ka ce ba za ku jira sai an kwashe gawawwaki ba. Na ce maka gaskiya ne, kuma har zuciyata na yarda.

Kwana biyar da fara yajin, kamfaninku ya yi hayar jiragenmu domin su kwashe fasinjojin da kuka bari. Da muka haɗu a ɗakin Inna da ƙaramar sallah, na ce maka tilasta mana aka yi, wanda ya ƙi a kore shi. Ka dube ni ka ce ba komai, mai iyali ba ya wasa da aikinsa.

Ƙarya na yi maka, Yaya. Ba wanda ya tilasta ni. Manajanmu ya tara mu ya ce wannan aiki na sa-kai ne, wanda ba ya so ya zauna a jadawalinsa na kullum. Ya ƙara da cewa babban kamfani ba zai manta da wanda ya taimake shi ba, idan ƙura ta lafa akwai gurabe a jiragen jet. Ni ne na biyu da ya ɗaga hannu. Ban ma tsaya na kira ka ba.

Ranar farko motar ma'aikata ta bi ta ƙofar filin jirgi. Kuna tsaye a rana da kayan aikinku, kana gaba riƙe da kwali. Na sunkuya kamar ina gyara igiyar takalmi har muka wuce. Mako uku ina yin haka kowace safiya. Da fasinjoji suka ga ana tashi, sai 'yan jarida suka daina zuwa wurinku, abokanka suka fara komawa aiki ɗaya bayan ɗaya. Aka ba ka takardar sallama, kai da mutum uku.

Sauran ka fi ni sani. Kamfanonin da ka nema duk suka ce ba gurbi. Da lokacin gwajin lafiya ya zo, likita ya ce jininka ya hau, aka dakatar da lasisinka. Ka tattaro iyalinka ka dawo Ƙofa, ka karɓi gonar Baba. Mutumin da ya saba ganin Tudun Wada da dutsen Doguwa daga sama, sai ga shi a kan babur da buhun taki. A kasuwar Bebeji ana kiranka Kyaftin, wasu da girmamawa, wasu da dariya a ciki. Kana amsa wa kowa iri ɗaya.

Ni kuma me na samu? Sau uku na rubuta wa babban kamfani ina tuna musu alkawari. Sau ɗaya suka amsa, suka ce in jira. Har yau a kujerar dama nake.

Shi ya sa na rage zuwa gida. Ba aiki ne ya yi mini yawa ba, kamar yadda nake gaya wa Inna. Idan na zo kai ne kake fara tambayata labarin jirgi, wane inji ne ke ba mu matsala, yaya saukar Yola take da damina. Kana tambaya idonka na haske, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar da ka yanke jiki ka faɗi a gona ina Abuja. Kafin in iso aka ce ka cika a mota, daidai Kwanar Ɗangora, ana hanyar kai ka Kano. Ban ga fuskarka ba sai a cikin likkafani.

Da Hauwa ta fita takaba na je gaishe ta. Na yi niyyar in gaya mata komai, har na fara, sai ta tsayar da ni. Ta ce ka sani tun makon farko. Ta ce an kawo wa ƙungiyarku sunayen waɗanda suka ɗaga hannu da kansu, aka yanke shawarar a raba takardar ga duk matuƙan ƙasar nan, don kada wani kyaftin ya sake yarda ya zauna kusa da su. Kai aka ba aikin buga ta. Ta ce kwana biyu takardar na kan teburinka ba ka iya cin abinci, a rana ta uku ka buga ta ba sunana. Da abokanka suka gane, suka ce ka ci amanarsu saboda ɗan'uwanka. Shi ya sa da aka kore ku, ƙungiya ta tsaya wa mutum ukun nan har aka mayar da biyu, kai kuwa ba wanda ya ɗaukar maka lauya.

Yaya, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Me ya sa ka bar ni na zauna a ɗakin Inna ina shirga maka ƙarya, kana gyaɗa kai? Da ka zage ni a gaban kowa, da ka mare ni, da na san inda zan fara neman gafara. Yanzu wa zan roƙa?

Akwai labari na ƙarshe. Abin da ya same ku ya zo kanmu. Kamfaninmu ya ajiye jirage biyu, ya ninka wa sauranmu aiki, hutun ma an rage shi. Matasan matuƙa suna shirin yajin aiki, kuma suka zo suka ce in shugabanci kwamitinsu. Dalilinsu shi ne ni ƙanen Kyaftin Habibu ne, kuma sun duba tsohuwar takardar nan ba su ga sunana ba. Ranar Litinin na tashi a gabansu na gaya musu abin da na yi. Wani da nake koya wa aiki ya ɗauki hularsa ya fita. Na ce musu ban cancanci shugabanci ba, amma in sun tsaya a ƙofar filin jirgi zan tsaya tare da su. Ba su ce sun yarda ba, ba su kuma ce kada in zo ba. Manaja ya riga ya ji, an cire ni daga jadawalin wannan mako.

Ban yi haka don in biya ka ba. Na san ba ya biyuwa.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata maka kabari, ya ba ka hutun da ka nema wa mutane aka hana ka. Ni dai ban nemi yafiyarka ba lokacin da kake iya amsawa. Ina nema yanzu.

Ƙaninka,
Nasiru