In Rantse Cewa Ɗana Ne Don Ya Tafi Ingila?

Zuwa ga Malam Gaji,

Malam, ka taimake ni don Allah, kaina ya ƙulle. Abin da ke damuna ba na iya faɗa wa abokan zamana a kasuwa, shi ya sa na kawo maka. Sunayen da za ka gani duk na sauya su.

Ni fataucin fata da ƙirgi nake yi a nan Nguru, iyayena daga Haɗeja suka zo. Ina da wani maƙwabci Ibo, Bartholomew, makanike ne a reluwe. Katanga ɗaya ta raba mu. Da rikicin sittin da shida ya tashi, sai ya kawo mini ɗansa na fari, Cletus, yana fama da zazzaɓi mai zafi, ba zai iya tafiya ba. Ya ce in riƙe masa amana, in ƙura ta lafa zai dawo ya ɗauka. Bai dawo ba. A hanya aka kashe shi. Matarsa Akudo ta kai gida da ƙananan yara biyu, amma yunwar yaƙi ta cinye yaran. Bayan yaƙi ta dawo ita kaɗai, yanzu tana Gashua tana sayar da abinci a bakin tasha.

Yaron nan a gidana ya girma. Matata Asibi ta yi jinyarsa, kwano ɗaya yake ci da 'ya'yana. Ban taɓa cewa ya bar addinin ubansa ba, ran Lahadi ni nake tashinsa ya tafi coci. Hausarsa ta fi tawa, yana jin Barbarci, yaren iyayensa kuwa sai tsinta-tsinta. Kuma Allah ya ba shi kai. Tun daga firamare har sakandare, har shekara biyun nan da ake ƙarawa a sama, ba wanda ya taɓa shan gabansa a lissafi.

Wani Bature malaminsu shi ya sa masa ra'ayin wata tsohuwar jami'a a Ingila, irin waɗanda aka ce ko 'ya'yan Turawan ma sai an tace. Ya ce kan yaron ya kai. Tun daga ranar Cletus ba shi da zance sai wannan, wai zai karanto injiniya ya dawo ya riƙe reluwen da ubansa ya yi wa bauta. Bara ya nema. Amsa ta zo a taƙaice, sun gode, babu gurbi. Baturen kuma ya riga ya koma ƙasarsu.

Ya nemi sukolashif a nan jiharmu, aka ce masa na 'yan asalin jiha ne. Ya rubuta can jihar iyayensa, har yau shiru, kuma wa ya san shi a can? Ni kuwa farin nan ya karya ni. Fatun da ake kawowa daga Machina da Yusufari na dabbobin da yunwa ta kashe ne, kamfanin da nake sayar wa ba ya so. Ko da an ɗauke shi ba ni da ƙarfin kai shi.

To, ina da wani aboki a Gashua, Abatcha, tsohon akawu. Shi ya kawo shawarar da ta hana ni sukuni. Ina da ɗa, Sabitu, sa'an Cletus, sanƙarau ya ɗauke shi yana ƙarami. Abatcha ya ce in je gaban alƙali in rantse cewa Cletus shi ne Sabitu, ni na haife shi, sunan nan na Kirista a makarantar mishan aka laƙaba masa. Ya ce da ya zama ɗan jiha, da wannan sakamako nasa, sukolashif kamar a aljihu, kuma jami'ar in ta ga gwamnati na bayansa za ta buɗe ƙofa.

Da na gaya wa Asibi, tashi ta yi ta shige ɗaki. Daga baya ta ce tana son Cletus har ranta, amma ba za ta iya jin ana kiran sunan wanda ke kabari wani yana amsawa ba. Na hau mota na je Gashua wurin Akudo, ina zaton za ta ƙi, in samu hujja. Ta daɗe tana goge kwano ɗaya. Sai ta ce shi kaɗai ya rage mai ɗauke da sunan mijinta a duniya, amma suna bai ciyar da 'ya'yanta biyu ba, in hakan zai fitar da shi, in yi. Na dawo ban samu hujjar da na je nema ba.

Shi kansa yaron da farko ya ƙi, har ya yi fushi. Amma abokan karatunsa da yake koya wa lissafi sun wuce, wasu Zariya, ɗaya ma ƙasar waje. Shi yana shagona yana lissafin ƙirgi. Ya rame, ba ya gama abinci, ya daina zuwa coci. Da yamma sai ya tafi bakin tafki ya zauna shi kaɗai har magariba. Na ce ya nemi Zariya ko Ibadan, ya ce in ya yi haka ya yarda ke nan bai isa ba. Makon jiya ya durƙusa a gabana, bai ɗaga kai ba, ya ce, Baba, na amince, a sa mini Sabitun. Wallahi Malam da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban taɓa rantsuwa kan ƙarya ba. Amma ina tsoron in ƙi, yaron nan ya lalace a hannuna. Ka gaya mini gaskiya, in na yi, za su ɗauke shi? In kuma ban yi ba, yana da wata dama?

Naka cikin damuwa,
Uban riƙo, Nguru.

AMSA

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri. Ka riƙe ɗan maƙwabci a lokacin da riƙon yake da hatsari, kuma ba ka taɓa addininsa ba. Tun da gaskiya ka nema, ga ta, ko da ɗaci.

Damar da yaronka yake da ita a waccan jami'a ƙarama ce ƙwarai, ko da wane suna ya je. Na tambayi waɗanda suka yi karatu can. Guraben baƙi kaɗan ne, kuma masu nema daga Indiya ne, da Ghana, da ko'ina, kowannensu shi ne na ɗaya a makarantarsu. Galibi waɗanda ake ɗauka sun fito daga makarantun da jami'ar ta daɗe da sani, ko suna da malami a tsaye yana yi musu magana. Na Cletus ya tafi. Ƙin da aka yi masa bai nuna kansa bai kai ba, amma kada kowa ya ce maka nema na biyu tabbas ne.

Abatcha ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Sukolashif daban, samun gurbi daban. Kana iya rantsewa, kuɗi ya fito, jami'a ta sake cewa babu. Sannan Nguru ba Legas ba ce. Wa bai san ɗan makaniken reluwe ba? Wa bai je jana'izar Sabitu ba? Mutum ɗaya da aka hana ɗansa sukolashif ya isa ya tona. Ranar nan kai ka shiga hannun hukuma, shi kuma a kore shi da tambarin maƙaryaci, babu jami'ar da za ta sake dubansa.

Ban ce ba a ƙware shi ba. Yaron da aka haifa a Nguru, bai san wani gari ba, a ce masa baƙo, abin takaici ne. Na kuma fahimci uwarsa. Amma yardarta ta wadda ta gaji ce, tasa kuwa ta wanda ya fid da rai. Kada ka gina komai a kan irin wannan yarda. Matarka ma tana da haƙƙi a kan sunan ɗanta.

Ga abin yi. Bana ya nemi Zariya, da Ibadan, da Nsukka, da Legas, duka, da sunansa na gaskiya. Ya nemi sukolashif na Gwamnatin Tarayya, ya tuntuɓi hukumar reluwe da cocinsu ko suna da wani tallafi. Kai kuma ka samu shugaban makarantarsu da hakiminku su shaida haihuwarsa da zamansa, ka kai shaidar Maiduguri, hedikwatar jiha, da ƙafarka. Mai yiwuwa su ƙi. Ka je duk da haka. Ka kuma gaya masa wannan daga gare ni: wanda ya gama digiri a gida da sakamako mai kyau ya fi ɗan sakandare damar shiga irin waccan jami'a don ƙarin ilimi. Hanyar ta fi tsawo, amma mutane sun bi ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ramarsa da zaman bakin tafki. Wannan ya fi Ingila gaggawa. Kada a riƙa barinsa shi kaɗai. Ka kai shi likita, ka gaya wa limamin cocinsu, ka tura shi Gashua ya kwana biyu wurin uwarsa. In za ka ce masa a'a, ka zaunar da shi ka faɗa masa da bakinka, tare da dalili. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe yana yi. Ka jure.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗa masa inda alherinsa yake, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Malam Gaji