Kunnen Haske

Filinge, 9 ga Maris, 1986

Aminina Hamani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fati da aikin ofis. Yaya zafin Yamai? Mu nan lafiyar jiki dai akwai, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso: ƙaramar rediyon nan mai abin sawa a kunne, da kaset ɗin da Bafaranshen ofishinku ya bar maka. Kai Hamani, ashe haka Turawa ke kiɗa in ransu ya ɓaci? Waƙar farko ta soma a hankali, gita ɗaya tana lallaɓawa, kwatsam sai ganguna suka faɗo, gitocin lantarki suka ɗauki gurnani, wani ƙato ya tsala ihu. Sau bakwai na ji ta a rana ɗaya, har na ji zan iya ɗaga bangon lekol, makarantarmu, da hannu guda.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san ƙanwata Haske mai kitso. Tun tana ƙarama ƙara ke yi mata ciwo. Ba ta shiga kasuwa, in ana daka a gida sai ta koma bayan rumbu, ko cokali ya kankari tukunya sai ta runtse ido. Inna ta sha ja mini kunne a kanta, ni kuwa ka san ni da tsokana. Ranar Talata da la'asar na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana tsintar wake. Na lallaɓa ta baya, na ɗora mata abin a kunne daidai inda gangunan ke faɗowa, na murɗa sautin har ƙarshe. Na zaci za ta zabura ta jefe ni da faifai, mu yi dariya.

Jikinta sai ya sandare. Waken ya watse, ta faɗi tana buga kai da ƙasa, tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Kafin Inna ta fito na cusa rediyon cikin riga. Da ta tambaye ni abin da ya faru, na ce ban sani ba, haka na tarar da ita. Ni malamin makaranta, mai shekara ashirin da bakwai, na dubi idon uwata na faɗi haka.

Gwaggo Delu ta zo ta duba ta, ta ce iska ce, dama ta daɗe tana neman yarinyar. An tsai da shawarar kai ta garin Tabla a yi mata wasan bori. Haske ba ta ce uffan ba tun ranar.

Ka gaida Fati. Ka sa ni a addu'a, kunya ta cika ni.

Naka,
Kailu

Filinge, 14 ga Afrilu, 1986

Hamani,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Fati? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga wasiƙarka. Ka ce in faɗa wa Inna gaskiya tun da wuri, amma ta iso bayan mun dawo. Ni na ɗauki Haske a mobilet, ɗan babur ɗina, zuwa Tabla. Kwana uku ana goge da kiɗan ƙwarya a kanta, wai a kira iskar ta fito ta faɗi abin da take so. Babu abin da ya fito, sai aka ce mai taurin kai ce.

Yanzu matan unguwa sun daina kawo mata kai. Wa zai miƙa kansa ga mai iska? Tabarmar kitsonta tana naɗe a jingine. Ta soma magana da kowa, ban da ni. Kada ka ɗora wa kanka laifi, kai kyauta ka aiko. Zan faɗa wa Inna in hankalinta ya kwanta.

Naka,
Kailu

Filinge, 2 ga Yuni, 1993

Aminina Hamani,

Ina gaishe ka da iyali duka. Yaya yara da karatu? Mu nan muna jiran ruwan shuka.

Ka daɗe da daina tambayata zancen Haske, na kuma san ba mantuwa ka yi ba. Tun da soja suka sauka daga mulki, kowa a garin nan ya sami baki, har masu shayi suna tone-tonen abin da aka binne. Ni ne kawai na rage da nawa. Makon jiya na durƙusa gaban Inna, Haske tana zaune, na faɗi komai. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ɗauki mayafinta ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana wanke sunan ɗiyarta. Mata biyu sun kawo kai jiya, bayan shekara bakwai.

Washegarin ranar da na faɗi gaskiyar, Haske ta ce in kawo kaset ɗin. Ta hana ni taɓa rediyon. Ta ajiye abin kunnen a kan cinyarta, ta murɗa kaɗan da hannunta, ta saurara har ƙarshe. Ta ce farkon waƙar yana da kyau ƙwarai, tana jin yatsan mai gitar yana zamewa a kan tsirkiya, tana jin inda mawaƙin ke jan numfashi. Ni da na ji ta sau ɗari ban taɓa jin waɗannan ba. Ta ce mu kunnenmu yana tura wasu sautuka baya, nata kuwa ba ya tura ko ɗaya, duka tare suke shigowa. Ranar da na ɗora mata, kowane bugun ganga a bayan idonta ya sauka, haƙoranta suka ɗauki rawa, ta ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, fatarta kamar an zuba mata cinnaku. Ta nemi sunanta a cikin kanta ta rasa.

Akwai abin da na ɓoye maka, Hamani. A Tabla, da aka fara goge, Haske ta toshe kunnuwanta. Masu wasan suka ce a sami mai ƙarfi ya riƙe mata hannuwa, don iskar ta ji kiɗanta. Ni na fito. Kwana uku ina bayanta, na riƙe wuyan hannunta, alhali na san babu wata iska.

Ta ce ba ta tona ni ba don kullum da safe tana sa ran yau zan faɗa da bakina. Kaset ɗin, in ji ta, tsokana ce ta wawa, ta yafe tun a makon. Na Tabla kuwa ba ta yafe ba tukuna, kuma kada in tambaye ta yaushe.

Kada ka rubuto mini ban haƙuri. Ka gaida Fati da yara.

Naka,
Kailu